Bangon Da Magini Ya Ƙi Jingina Da Shi

Tun kafin ruwa ya shigo mana ni ban yarda da bangon gabas na ɗakina ba. In ka tsaya a tsakar gida ka dube shi sai ka rantse na bulo ne, sumul, an shafe shi da siminti ciki da waje. Amma na san abin da ke ƙarƙashin shafen, don ranar da maigidana ya buga ƙusa zai ɗaura gidan sauro, jar ƙasa ce ta zubo. Tubalin laka ne aka sa wa rigar siminti, kamar yawancin gidajen layinmu a unguwar Sabangali ta N'Djamena. A gindin wannan bangon gadona yake. Nan nake kwantar da yarinyar, ita daga ciki don kada ta mirgino, ni daga baki.

Watanta takwas a lokacin. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta.

Da damina ta yi nisa sai na fara ganin tururuwa suna fitowa daga gindin bangon a jere, kowace da farin ƙwai a baki, suna hawa sama. Na nuna wa Inna, uwar maigidana, wadda muke zaune gida ɗaya da ita. Ta leƙa, ta yi dariya, ta ce, "Ke dai 'yar nan, da tsoro hatsi ne da rumbunki ya cika." Maigidan ba ya nan, ya tafi Nijar da kaya, ruwa ya lalata hanya ya tsare shi can. Kafin ya tafi ya bar amanar gidan a hannun wansa, wanda muke ce wa Yaya, mazaunin Pari-Kongo.

Ranar da ruwan ya zo ko hadari babu. Rana ce tsaf a sama. Kogin Shari ne ya cika ya rasa inda zai sa kansa, sai ya biyo kwatoci ya dawo mana ta baya. Tun da hantsi mazan unguwa ke cika buhuna da yashi suna jerawa a bakin layi, amma ruwan bai bi ta inda suka tare ba. Ta makwararar gidanmu ya shigo, wadda muke zubar da ruwan wanke-wanke ta cikinta. Da farko a hankali, kamar baƙo mai kunya. Kafin azahar ya kai gwiwa. Muka ɗora katifa da buhun gero da akwatin kaya a amalanke, na goya yarinyar na ɗaure da zani biyu, muka nufi gidan gwaggona a Mursal. Inna tana tafe tana salati, takalmanta a ka.

Kwana goma sha biyu muka yi a can. Da aka ce ruwa ya ja, muka dawo muka tarar da gida kamar ba namu ba. Taɓo har idon sawu, ƙananan kifaye matattu a madafa, kwaɗo a cikin tukunyar miya. Wari kuwa ba a magana. A jikin bango ruwan ya bar layinsa, baƙi, daidai gwiwar babban mutum. Ƙasa da layin, shafen simintin ya kumbura, wani wuri ya ɓare ya faɗi, lakar ciki ta fito baƙa ƙirin kamar hanta.

Washegari Yaya ya zo da magini. Matashi ne mai jan babur, da ma'aikata uku da injin zuƙar ruwa, wanda muke ce wa motopomp. A lokacin duk unguwa rububinsa ake yi, an ce kwana uku yake mayar da gida sabo. Ba ya jin Hausa, da Larabci muke magana, usta nake ce masa kamar yadda ake ce wa kowane mai sana'a a N'Djamena. In faɗi gaskiya, ranar farko sun yi aiki. Suka zuƙe ruwan da ya kwanta a ɗaka, suka kwashe taɓo da shebur, suka wanke daɓe da jabel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, har idona ya yi yaji. Tabarmi da tsohon matashin kai, usta ya ce a ƙone, kada a shanya. Na ji daɗin wannan, har na ce a raina ƙila Inna ta yi gaskiya, tsoro ne kawai ya yi mini yawa.

Da la'asar ina wanke tukwane a bakin ɗaki, sai na ga ya tsuguna a gindin bangon gabas yana ƙwanƙwasa shi da ƙotar cokalin gini. Ya ƙwanƙwasa, ya tsaya. Ya matsa gaba, ya sake. Sai ya miƙe ya fita zaure wajen Yaya. Ban ji abin da suka ce ba, murya ƙasa-ƙasa suka yi. Na dai hango Yaya yana girgiza kai yana yarfe hannu. Usta ya dawo fuska ba walwala, ya ce wa mutanensa gobe da sassafe a kwaɓa siminti.

Kafin ya ce haka, akwai abin da ya yi. Babur ɗinsa tun azahar yana ajiye a inuwar wannan bangon ta waje, don nan ce kaɗai inuwa a tsakar gidanmu in rana ta karkata. Da ya dawo daga zaure, ya tura babur ɗin ya kai shi can bakin ƙofa, cikin rana. Wanda ya san garin nan ya san ba mai barin babur a rana da gangan, sirdin ƙona mutum yake. Na lura.

Rana ta biyu suka yaɓa siminti a kan jiƙaƙƙiyar lakar nan, ciki da waje. Ko kwana ɗaya ba a bar ta ta sha iska ba. Da suka zauna cin abinci, ɗaya daga cikin ma'aikatan ya jingina bayansa da bangon, can sama da sabon shafe. Usta ya daka masa tsawa ya ce ya taso, fenti bai bushe ba. Alhali ba a taɓa gwangwanin fenti ba tukuna, yana nan a rufe kusa da turmi. Rana ta uku da aka zo fentin, sauran bangaye uku duk tsani ya jingina ya hau. Da aka iso na gabas sai ya sa aka mirgino duro, ya tsaya a kai.

Na tare shi yana wanke hannu. Na ce, "Usta, bangon nan lafiya kuwa?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Aikin da aka sa ni na yi."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ki tambayi Alhaji, madam." Yaya yake nufi. Ya yarfe ruwan hannunsa ya tafi.

Ɗaki ya fito shuɗi, fes, ya fi yadda yake ranar da aka kawo ni. Maƙwabta suna shigowa suna sa albarka. Warin danshi ne kaɗai ya rage, shi ma Inna ta san maganinsa. Ta cika kasko biyu da garwashi, ta zuba turaren wuta irin na matan garin nan mai kama jiki, ta rufe ƙofa da taga ta toshe kafofi da tsumma. Haka kowa ke yi a layinmu bayan ruwa, wai zafin garwashi ya busar da ɗaki, turare ya kori wari. Kwana biyu tana ƙara garwashi. Da aka buɗe, ɗakin ƙamshi kamar na amarya. Ni kuwa ƙamshin ne ya ƙara tayar mini da hankali, don hancina ne kaɗai abin da nake da shi, shi ma an rufe mini.

Inna ta ce a mayar da gado. Na ce ta yi haƙuri tukuna. Na shimfiɗa katifa a ƙarƙashin rumfar kwano ta tsakar gida, na ɗaura gidan sauro, nan muke kwana ni da yarinyar. Bayan ruwa sauron Sabangali ba ya jin gidan sauro. Kowace safiya sai na ga sabon cizo a kumatunta ko a hannu. Inna ta ɗauke ta ta juya ta tana dubawa, tana tsaki.

Ranar Litinin Yaya ya zo. Bai shigo ba, daga bakin zaure ya kira ni. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "An ce kin ƙi shiga ɗaki."

Na ce, "Yaya, bangon ne hankalina bai kwanta da shi ba."

"Magini ya duba ya gyara. Ke kin fi shi sani? Aji nawa kika yi a lakwal, makarantar boko?"

"Uku, Yaya."

"To, ashe injiniya muka auro ba mu sani ba." Ya juya wajen uwarsa. "Inna, ki yi mata magana. Mutane na wucewa suna leƙe, kamar mun kasa rufa wa matar ƙanena asiri."

Bayan ya tafi Inna ta zauna a bakin katifar, ta ɗora yarinyar a cinya. Ba da faɗa ta yi magana ba, shi ya fi ba ni tsoro. Ta ce, "'Yar nan, bango ban ga ya taɓa kowa ba, sauro kuwa na ga yaran da ya ɗauka. Ke in kin ga dama ki kwana a kan titi. Amma ran Juma'a jikata a ɗaka za ta kwana, ko da ke ko ba ke." Ɗakin Inna ƙarami ne, an cika shi da kayan da aka tsamo, ita kanta da ƙyar take samun wurin miƙe ƙafa. Ɗakin da take nufi nawa ne. Kuma na san in ta ce za ta yi, za ta yi, ba wanda zai ce kaka ba ta da iko.

Kwana huɗu ke nan gare ni, ba ni da hujja sai babur da duro. Wa zan faɗa wa wannan bai yi mini dariya ba?

Sai na shiga ɗakin da rana na bi bangon da ido tun daga ƙasa. A kusurwa, inda ya haɗu da bangon kudu, na ga tsaga siririya kamar gashi, ta taso daga sabon shafe ta yi sama. Na karyo tsinken tsintsiya na gwada, bai shiga ba. Na zuba gishiri a murfin kwano na ajiye a gindin bangon, na sa kwalin ashana kusa da shi. Ran Talata gishirin ya zama ruwa, ashana ta ƙi kamawa. Na kai wa Inna da sauri. Ta ce, "Ƙarshen damina ne, gishirin madafa ma narkewa yake." Na je na duba na madafa, shi ma ya yi laushi. Bai kai wancan ba, amma ya yi. Na tsaya riƙe da murfin kwano ina jin kunyar kaina. Na ce ƙila dai ni ce. Ƙila usta rana yake so wa babur ɗinsa.

Ran Laraba tsinken tsintsiya ya shige tsagar ba gardama. Ran Alhamis da safe tsinken ashana ya shige.

Ban nemi izinin kowa ba, wannan laifi ne kuma na san laifi ne. Na goya yarinyar, na tare klando, mai babur na haya, ya kai ni Mursal. Gwaggo ta san wani tsohon magini mutumin Nijar da ke zaune bayan kasuwa, shi ya gina mata ɗakunanta tun ina ƙarama. Muka same shi yana shan shayi. Na faɗa masa komai, har babur da duro, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce, "Ya janye babur, kika ce? Tashi mu tafi, ɗiyata." Abin da ya ɗauka ƙaramar guduma ce da guntun rodi, tsawon kamu ɗaya.

Da muka iso ya tsaya ya gaida Inna gaisuwa mai tsawo, ya yi mata jajen ruwa, ya tambayi jikoki, har ta saki fuska duk da harar da take yi mini. Sannan ya cire takalmi ya shiga ɗakin. Ya ja numfashi ya ce, "Kai, Hajiya, turare ya yi daɗi. Wa ake ɓoye ma wa?"

Inna ta ce, "Ba a ɓoye wa kowa komai. Ɗana ya kawo magini ya gyara."

"Awo, na ga gyara. Fenti ma ya hau."

Ya dunƙule hannu ya fara ƙwanƙwasa bangon daga sama. Can sama ƙara take fita a tsuke, ƙwas, ƙwas. Yana saukowa tana canzawa. Da ya iso daidai gwiwa sai ta koma bum, bum, kamar ƙwaryar da aka kifa a kan ruwa ana kiɗa. Ko ni da ban san gini ba na ji bambancin a cikina.

Ya ce, "Hajiya, ki ba ni izini in ɓare tafin hannu guda."

"A sabon aiki? In ɗana ya zo in ce masa me?"

"Tafin hannu guda. In ƙarya ni kai, da hannuna zan shafe shi, in roƙe ki gafara gaban maƙwabta."

Inna ta dube ni, ta dubi bangon. Ta ce, "Ɓare."

Bugu biyu ya yi simintin ya faɗo kamar ɓawon ƙwai. Ya sa rodin nan a ramin, da yatsa biyu ya tura, ba ƙarfi. Rodin ya shige duka. Da ya zaro shi, laka na bin sa tana ɗiga kamar kunu, wari ya buso ya danne turaren kwana biyu. Inna ta tsuguna da ƙyar ta sa nata yatsa, ya nutse har gindi. Sai ta ce, "Fitar mini da yarinyar nan." Yarinyar tana bayana, ni kuma ina bakin ƙofa, ko shiga ban yi ba.

Tsohon ya goge rodinsa ya ce, "Laka numfashi takai, siminti ba ya yi. In ta sha ruwa, rana da iska ne maganinta. Kun sa mata riga tana jiƙe, kun rufe ƙofa kun hura mata wuta, gumi kawai ta yi ta sake shanyewa. Bangon ga ba ƙafa gare shi ba yanzu, rigarshi ce ke riƙe da shi. Ga kuma katakon rufi duk bisa kanshi."

Inna da kanta ta aika a kira Yaya, ta ce ya taho da magininsa. Yaya ya shigo da faɗa, wa ya kawo baƙo gidan ƙanensa, wa ya fasa aiki. Inna ta kama hannunsa kamar yaro ta kai yatsansa ramin. Ya zaro ya duba. Sai ya juya kan usta, ya fara ɗaga murya, wane irin aikin banza ne wannan.

Usta ya bari ya gama. Sannan ya ce, "Alhaji, a zauren nan na faɗa maka. Na ce a ɓare shafen a tokare rufi, a bar shi ya bushe ko wata guda ne. Ka ce in rufe."

Ni duk kwanakin nan usta nake zargi. Na ɗauka irin masu bin unguwa bayan ruwa ne, su lulluɓe ɓarna su wuce gaba. Ko sau ɗaya ban kawo Yaya a raina ba.

Yaya ya ce, ba ya duban kowa, "Ƙanena na hanya. Amana ya bar mini. Ya zo ya tarar da ɗakinsa a fashe, an tokare da itace kamar kango, matarsa a waje, mutane su ce me? Na ce in rani ya shiga zai bushe da kansa."

Inna ta ce, "Mutane." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ban yi magana a gabansu ba, ba wurina ba ne. Amma da usta zai fita yana tura babur ɗinsa, na bi shi zaure. Na ce, "Usta, babur ɗinka ka janye daga gindin bangon. 'Yata fa?" Ya fita bai tada injin ba sai da ya kai ƙarshen layi.

Tsohon ne ya karɓi aikin. Ranar nan kafin la'asar ya tokare katakon rufi da itatuwa huɗu. Ya ɓare shafen duka har ƙugu, ciki da waje. Tubalan da suka ruɓe bai cire su gaba ɗaya ba, kamu ɗaya yake cirewa, ya cike gurbin da jan bulo gasasshe, ya bari ya kama, sannan ya matsa gaba. Ya ce ƙofa da taga a bar su a buɗe, kada a sake kawo kasko. Inna ta kwashe kayan ɗakinta ta tara a rumfa, ta ba mu wuri ni da yarinyar, ita ta koma kwana a rumfar, a kan buhunan kayan. Ba ta ce mini na yi gaskiya ba, ban kuma jira ba. Maigidana ya dawo ya tarar da ɗakin a fashe, an tokare da itace, daidai abin da wansa ya ji tsoro. Ya zagaya ya duba, ya ɗauki 'yarsa ya daɗe yana riƙe da ita. Yaya kuwa har yau gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau.

Shi ma tsohon ban saki jiki da shi ba. Bayan ya gama jera bulo yakan zo duk bayan kwana biyu, ya manna leda a bangon, washegari a duba ko ta yi gumi. Ta yi ta yi har makonni. Ranar da ya ce ya bushe, ya shafe, ya cire itatuwan, na ce to, na gode, Baba, amma ban shigar da gado ba. Ina kallon inda yake ajiye takalminsa da butarsa. Ya zo ƙarasa ɗan gyaran bakin taga, ya yi sallar azahar, Inna ta ba shi fura ya sha. Sai na ga ya ja tabarma zuwa inuwar bangon gabas, ya jingina bayansa da shi, ya tura hula kan fuska. Na tsaya da tsintsiya a hannu har na ji minsharinsa. Ranar na shigar da katifa, na kwantar da yarinyar daga ciki, ni daga baki.

Roƙona ga duk wanda ruwa ya shiga gidansa, in na laka ne mai shafen siminti: kada ku yi saurin rufewa don idon mutane, kada ku turara ɗaki a rufe. Ku ɓare, ku tokare, ku bar shi ya sha iska komai muninsa. Ku ƙwanƙwasa da hannunku ku saurara. In kuma wata a gidan ta ce hankalinta bai kwanta da bango ba, don Allah ku je ku duba kafin ku kwantar da yaro a gindinsa.